Kolajin ɗin Adda da gandar Goggo

A gidan suna rigimar ta fara, nan Jekadafari, Asabar ɗin da ta wuce. Muna zazzaune a ɗakin Goggo ana jiran a sauke abinci sai Addata ta zuge jaka ta fito da wani gwangwani fari tas mai rubutun ruwan zinare, tace wannan shi ake yayi yanzu, kolajin ne, cokali ɗaya a shayi ko a kunu kullum da safe, wata guda fatarki zata koma ta jariri, gwiwa ta daina ƙara, gashi ya daina zuba. Naira 38,000 kacal, haka tace, harda kacal ɗin. Goggo ta karɓa ta jujjuya ta kai hanci tace "toh da me ake yinshi?" Adda tayi shiru. Sai duk ɗakin aka juyo ana kallona, don ni ce nayi bayokemistiri a jami'a kuma ni ce malamar bayoloji a sakandare, duk abinda yazo da sunan turawa ni ake jefa wa. Nace Goggo da fatar saniya ake yi, wani da ƙashi, wani da fatar kifi. Tace "au, ashe ganda ce aka niƙa?" Nace kusan hakan ne. Ɗaki ya kwashe da dariya, Adda ta watsa min harara ta mayar da gwangwaninta jaka, kwana uku cur bata buɗe saƙona na WhatsApp ba.

Wlh ban yi don in kashe mata kasuwa ba, tambayata aka yi na amsa. Amma tunda na dawo gida abin yake cina, saboda na lura sunan kolajin ya shigo bakin matan garin nan ta ƙofar kwalliya kawai, a sitatus ɗin masu kayan gyaran amare, alhali wannan abu shine yake riƙe da mutum tun daga ƙashi har idon da kike karanta rubutun nan dashi, kuma cututtuka da yawa da muke gani a gidajenmu muna cewa sammu ne ko iska ce, in aka bi diddigi labarinshi ne.

Bari in faɗa yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Jiki ba tarin ƙwayoyin halitta bane a jibge kamar buhunan masara a sito. Da haka ne da mun tarwatse. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai wata saƙa da su ƙwayoyin da kansu suke haɗawa su turo waje su zauna a cikinta, kamar yadda gizo yake saƙa gidanshi da abinda ya fito daga cikinshi. A cikin saƙar akwai zare iri-iri, akwai ilastin mai miƙewa ya dawo kamar roba, akwai masu aikin manne ƙwaya da saƙar, amma uban tafiyar shine kolajin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jikin mutum shine. An gano iri 28 a jikin ɗan adam, sai dai na ɗayan shi kaɗai ya kwashe wajen kashi 90 cikin 100, shine a fata da ƙashi da agara. Na biyu yana guringuntsi, na uku yana bangon jijiyar jini da hanji, na huɗu kuma ba igiya yake yi ba, rariya yake yi, siririyar shimfiɗa a ƙarƙashin fata da kewayen ƙananan jijiyoyin jini da matatar ƙoda.

Siffarshi kuwa duk wadda ta taɓa ganin ana tufka igiyar rama ta gama ganewa. Sili uku ne aka murɗe su waje ɗaya, sannan igiyoyin su jeru su ɗaure da juna su zama kauri. Wani Ba'indiye ne, G. N. Ramachandran, shi da abokin aikinshi Kartha a jami'ar Madras suka fara fito da wannan siffa ta sili uku a 1954, ba a Landan ba, ba a Amurka ba, kullum sai na faɗa wa yarana wannan don su daina ganin kamar sai bature ne yake gano abu. A jikin kowane sili, duk ɗan bulo na uku dole ya zama gilaisin, wanda shine mafi ƙanƙanta a cikin amino asid gaba ɗaya, wato bulollukan da ake gina furotin dasu, saboda tsakiyar murɗin matsattse ne, babba ba zai shiga ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Kuma fa jiki baya tufkawa sau ɗaya ya huta. Kullum ana tufka ana warwara. Akwai ƙwayoyin da aikinsu saƙa, ni masaƙa nake ce musu a aji, akwai kuma wasu sinadarai masu aikin almakashi da suke yanke tsohon zare. Mu a wajenmu tufka da warwara zagi ne, a jiki kuwa ita ce lafiyar, in dai ɗaya bai rinjayi ɗaya ba.

Akwai gwajin da nake sa ƴan aji huɗu suyi duk shekara. A samo ƙashin cinyar kaza guda biyu, ɗaya a jiƙa a ruwan khal kamar sati ɗaya, ɗaya a ƙona a gawayi. Na cikin khal ɗin zai fito yana lanƙwasuwa kamar tiyo don ruwan ya cinye sinadarin kalsiyam ya bar kolajin zalla, wanda aka ƙona kuma siffarshi na nan amma kina matsawa zai ruguje kamar alli, wuta ta cinye kolajin ta bar ma'adinin. Wato ƙashi kamar kankare ne, simintin Ashaka da rodi. Siminti ba rodi tsagewa zai yi, rodi ba siminti lanƙwashewa. Iyayenmu ma da suke cuɗa ƙasar gini da ciyawa ai hikimar kenan. Abinda yafi bani mamaki dai ido ne. Farin ido kolajin ne, gilashin gaban ido da haske yake ratsawa shima kolajin ne, iri ɗaya ma akasari, bambancin kawai a gilashin an jera zaren sirara daidai wa daida da tazara iri ɗaya shi yasa yake garau, a farin kuma a hargitse suke. Subhanallah. Zare ɗaya, saƙa daban.

Toh mu Hausawa mun daɗe muna hulɗa da abin nan bamu san sunanshi ba. Majemi da yake jiƙa fata a ruwan bagaruwa, kolajin ɗin fatar yake ɗaurewa don kar ta ruɓe, takalmin fata da jakar fata duk shine. Farfesun ƙafar sa da kika bari ya kwana kika tarar da romon ya daskare yana rawa, kolajin ne zafi ya warware murɗin ya koma jelatin. Shi yasa agara da ganda suke son doguwar dahuwa. Sunan ma daga kalmar Girkanci ta gam aka samo shi, don da can fata da kofato ake dafawa a yi gam.

Yanzu maganar gwangwanin Adda. In kika sha garin nan, ina yake zuwa? Ciki. Ciki kuma bai san adireshi ba, duk furotin ɗin da ya shigo, na wake ne, na ƙwai ne, na gwangwanin 38,000 ne, daddatsa shi yake yi ƙanana-ƙanana ya tura jini, jiki ya ɗiba ya kai inda yafi buƙata, wataƙila tsoka, wataƙila hanta, ba lallai kumatunki ba. Da cin abu yana kai shi mazauninshi ai da masu cin ƙwaƙwalwar rago duk sun zama farfesoshi. Amma in yi wa Adda adalci, ba ƙarya ce zalla ba. Wasu ƴan guntayen suna tsallakewa su shiga jini basu gama narkewa ba, kuma akwai gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ƙarin laushin fata bayan wata biyu ko uku ana sha, sai dai yawancinsu ƙanana ne kuma da yawa kamfanonin da suke sayar da garin ne suka biya kuɗin binciken. Mai tuwo ai ba zata ce miyarta ba daɗi ba. Ni a ganina in ma akwai amfani ɗan kaɗan ne, bai kai kuɗin ba a wannan zamani da mudun shinkafa yake neman fin ƙarfin albashi. Shi kuwa man shafawa da ake rubuta kolajin a jiki wannan kam ku bar shi, igiyar tayi girman da ba zata ratsa fata ba, a sama take zama ta riƙe danshi, aikin da man kaɗanya zai miki.

Ga kuma abinda masu sayarwa basa faɗa, bana jin ma sun sani. Jelatin da kolajin na kasuwar duniya da yawa daga fatar alade ake yinsu. Akwai na saniya akwai na kifi, amma sai kin karanta jikin gwangwanin, in babu bayanin daga ina aka samo, ko babu lambar NAFDAC, ni dai ba zan kai bakina ba. Na Adda na duba daga baya, na saniya ne, alhamdulillahi, da abin ya haɗu mata biyu.

Ita kuma ganda, masu cewa babu komai a cikinta suma sun zarce. Furotin ce, sai dai gurguwa, babu tiriftofan a kolajin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da dole sai daga abinci ake samu, shi yasa ba zata maye gurbin nama ko ƙwai ko wake ba, musamman ga yara. Ni damuwata da ganda ma ba wannan bace, yadda wasu suke babbaka ta da tsohuwar taya da robobi ne. In kinga tayi baƙi tana warin taya ki haƙura.

Abinda masaƙan jiki suke nema wanda basa iya aiki in babu shi araha ne har abin dariya, bitamin C. Kafin silin nan uku su kama juna da ƙarfi sai an ɗan gyara wasu bulo a jikinsu, kuma sinadarin da yake gyaran baya motsi sai da bitamin C da ƙarfen jini. In babu, za a tufka igiya amma ruɓaɓɓiya. Cutar da take biyo baya sikabi ake ce mata, ita ce ta dinga kashe matuƙan jiragen ruwan turawa shekaru aru-aru, wata biyu wata uku a teku ba ɗanyen ganye ba ƴaƴan itace, sai dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su fara girgiɗi, jiki duk tabon taruwar jini. A tafiyar da wani kwamandan Ingila George Anson ya jagoranta daga 1740 zuwa 1744 mutum sama da 1,000 suka mutu, akasari cuta ce ta kashe su ba yaƙi ba, kuma a labarin tafiyar an rubuta wani tsohon soja da raunin da ya samu a yaƙi shekara 50 baya, wanda ya warke tuntuni, ya sake buɗewa kamar jiya aka ji mishi. Ranar da na fara karanta wannan tsigar jikina tashi tayi. Ashe tabon da kike gani a jikinki ba rufaffen zance bane, kullum ana kan ɗinke shi, ranar da zare ya ƙare warwara ta ci gaba da aikinta. A 1747 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotland, James Lind, ya ware marasa lafiya 12 ya raba su bibbiyu kowane rukuni da irin maganinsu, biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka fi kowa saurin samun sauƙi, ɗayan ma cikin kwana shida ya koma aiki. Duk da haka sai 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo ga kowa. Gwamnati dai ko ta ina halinta ɗaya.

Abin haushin, akuyar da take bin bola a unguwarku ita da kanta take haɗa bitamin C ɗinta a hanta, mu ne bama iyawa sai mun ci. Amma Allah bai bar mu haka ba, gwaba ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu, garin ƴaƴan kuka da yara suke tsotsa shima cike yake, ga tattasai ga mangwaro in lokacinshi yazo. Matsalarmu dahuwa, mu sai miya ta tafasa ta sake tafasa an ɗumama da safe, shi kuma bitamin C baya jure wuta. A ɗan ci wani abu ɗanye kullum, shikenan fa.

Toh wannan ƙarancin tufka kenan. Warwara kuma da hannunmu muke ƙara mata gudu, nan ne raina yake ɓaci. Matar da zata sayi garin kolajin da safe ita ce da daddare zata shafa haɗin bilicin. Yawancin haɗin nan da ake zubawa a robobi ba suna ba komai akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin su kulobetasol, maganin da likita yake bayarwa na ɗan lokaci don ciwon fata. Aikin sitiroyid a fata harda kashe wa masaƙa gwiwa, su rage saƙa, wata da watanni fata tana sirancewa har kiga jijiyoyi kore-kore sun bayyana, ga nankarwa jajaye masu faɗi a cinya da hammata wadda bata tafiya, ɗan ƙarce kaɗan ya zama gyambo. Wata ƙawata nas take ce min a ɗakin tiyata tun kafin a tambaya suke gane mai shafe-shafe, fatar bata riƙe zare, ana ɗinki tana yagewa kamar tsohon zani. Ki duba fa, ranar haihuwa in ta zo da gardama wannan fatar ce za a yanka a ɗinke. Har masu shan sha-ka-fashe don suyi ƙiba, shima sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, fata da ƙashi duka yake ci.

Tunda na ambaci tiyata, ciwo in yana warkewa jiki da gaggawa yake fara cike ramin da kolajin na uku, mai rauni, daga baya a hankali a canza shi da na ɗaya. Sati uku bayan yanka ƙarfin wajen bai wuce kashi 20 cikin 100 na asali ba, sai wajen wata uku yake kaiwa 80, kuma iyakarshi kenan har abada. Don haka surukai dan Allah, in likita yace wadda aka yi wa aiki kar ta ɗaga abu mai nauyi sati shida, ba son jiki bane, saman ne ya rufe, cikin da saura. A bar ta da jarkar ruwa da turmi.

Suga ma haka. In yayi yawa a jini shekara da shekaru yana manne wa igiyoyin ya ƙanƙame su su bushe, shi yasa wasu masu ciwon suga in suka haɗa tafin hannu biyu yatsun basa kwanciya su haɗe, kafaɗa ta riƙe, ciwon ƙafa yaƙi warkewa. Taba da shisha suma suna cinye shi, zafin rana ma haka. Sai wani da mutane basu sani ba sam, sifro. Eh, sifron nan da muke shiga kemis mu saya duk sanda jiki yayi zafi muce taifot ne. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi girma a kwalin dangin maganin nan cewa yana iya raunata agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60 ko yake shan sitiroyid. Ba kowa yake samu ba, kuma magani ne mai amfani in likita ya rubuta, amma in kina sha kika ji bayan diddige yana ciwo ki koma asibiti a ranar.

Mu ƴan Gombe kuma muna da wani malamin warwara da ba sai an je Turai ba, kububuwa. Duk wanda yake da dangi wajen Kaltungo ko Billiri ya san yadda ake fama lokacin shuka da lokacin girbi, har asibiti guda aka ware a Kaltungo don saran maciji. Dafin kububuwa cike yake da irin almakashin nan da na faɗa, yana shiga sai ya hau yanke rariyar kolajin na huɗu da take riƙe da ƙananan jijiyoyin jini, su fara yoyo, a lokaci guda kuma ya ƙone sinadaran daskarar da jini har su ƙare. Ga ɓula ga babu abin toshewa. Shi yasa mutum zai zo da ƙafarshi yana magana lafiya lau, gobe a ga jini ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon ciwo, ba banza aka ce mata gobe da nisa ba. A asibiti jinin suke ɗiba su ajiye a kwalba mai tsabta minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga sai allurar kashe dafi. Ɗaure ƙafa tamau da tsagawa da reza ƙara wa wuta fetur ne kawai, mutumin da jininshi baya tsayawa kuma a tsaga shi?

Sai dai kar ku ɗauka yawan kolajin shine alheri, yadda masu talla suke nunawa. In tufka ta rinjayi warwara shima bala'i ne. Ƙaramin misali tabon nan mai tudu da yake fitowa bayan hujin kunne, ko a ƙirji, ko kafaɗa, yayi ta girma ya wuce inda ciwon yake yana ƙaiƙayi, kiloyid likitoci suke ce mishi kuma yafi kama mu baƙaƙen fata, yana bin jini a wasu gidajen. Masaƙa ne aka ce su ɗinke ɓula suka ƙi tsayawa. In aka kai wa wanzami ya yanke, ko ma likita in yankan kawai yayi, sau da yawa dawowa yake yafi na da. Kun san da me ake lallashinshi? Allurar sitiroyid a cikin tabon. Abinda yake lalata fatar mai bilicin shine maganin wannan, don a nan so ake masaƙan su lafa. In a gidanku akwai masu irin tabon nan, huji na biyu da na uku a saman kunne ki haƙura dashi.

Babban misalin kuwa hanta ce, kuma wannan ya taɓa gidanmu. Bappana, ƙanin babanmu, mutum mai ƙarfi da ko zazzaɓi ba kasafai yake yi ba, sai ciki ya fara kumbura ƙafa ta kumbura ido yayi rawaya. Aka ce an ba shi wani abu a abinci, aka yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi wata da watanni, sanda aka kai shi asibiti likita yace hantar ta riga ta ƙanƙance ta taurare, ciwon hanta nau'in B ne, wataƙila tun yana yaro yake ɗauke dashi. Lokacin ina aji biyu a jami'a, sai da muka zo darasin a aji na gane abinda ya faru, na fita waje nayi kuka na. Ƙwayar cutar tana zaune shiru shekara 20, 30, jiki yana yaƙarta, duk inda aka yi ɓarna wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro a cikin hantar su zuba kolajin su ɗinke, yau ɗinki gobe ɗinki har tabo yafi nama yawa. Jini ya kasa ratsawa ya koma baya, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura wata rana su fashe mutum yayi aman jini. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wato a gidan sunan nan namu in mun kai hamsin, lissafi yana cewa mutum huɗu, kuma yawanci basu sani ba. Gwajin ɗigon jini ne, kuɗinshi bai kai kwatan gwangwanin Adda ba. Rigakafin jarirai kyauta ne a asibitin gwamnati kuma so ake a yi na farko cikin awa 24 da haihuwa, ba sai bayan suna ba. Wanda aka gano da wuri akwai magani irin su tenofobir da yake danne cutar, har an ga tabon hantar yana raguwa bayan shekaru ana sha, saboda almakashin jiki suna nan, dama ɓarnar ce tafi ƙarfinsu. Tsargiya ma da yaranmu suke kwasowa a wankan rafi da bakin dam, illarta ta dogon lokaci irin wannan tabon ne, a mafitsara ko a hanta.

Na ce zan dawo kan gilaisin. Akwai wata yarinya a tsohuwar unguwarmu, kafin ta shekara biyar ta karye yafi sau shida, wani karon ma zani ake ɗaura mata. Mai ɗori har ya gaji da ganinsu. Uwar ta sha zagi, dangin miji suka ce sakaci ne, wasu suka ce duka take yi, wasu suka ce mayu. Ni abinda nake tunawa idon yarinyar ne, farin ba fari bane, shuɗi-shuɗi ne kamar an ɗiga bula. Sai da nayi karatu na gane alama ce, farin idon ne yayi siriri har duhun ciki yake lekowa. Ciwon ƙashi mai saurin karyewa ne da ake haihuwar mutum dashi, kamar jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, kuma sau da yawa abinda ya jawo bai wuce a wajen gilaisin guda ɗaya tak wani babban bulo ya shiga ba, murɗin ya kasa matsewa, rodin jikin gaba ɗaya ya zama mai rauni. Ba rashin madara bane, ba laifin uwa bane, wani lokaci gado ne wani lokaci a kan yaron ya fara. Baya warkewa amma akwai magungunan ƙarfafa ƙashi da ƙarfen da ake sakawa a cinya, su rage karaya. Matar nan an sake ta a kan abinda ko kusa bata da hannu a ciki, sun tashi daga unguwar tun ina sakandare. Duk garin kolajin ɗin duniya da za a ɗura wa yarinyar nan ba zai canza komai ba, don da kuskuren za a sake tufka shi.

Jiya da daddare dai Adda ta buɗe saƙon. Na tura mata kusan duk abinda na rubuta a nan, da muryata ma, minti goma sha ɗaya. Amsarta layi biyu ce, "naji malama. toh katan biyun da na saro ke zaki biya?" Muka yi ta ja har na ce zan ɗauki gwangwani ɗaya in biya kaɗan-kaɗan sau uku in dai zata raka ni muje a gwada mu ciwon hanta ni da ita da yaranta ranar Litinin, kuma zata daina haɗa wa kwastomominta da man nan na roba. Na farkon ta yarda, na biyun tace sai tayi tunani. Gwangwanin na kai wa Goggo da safen nan tunda ita ce mai ciwon gwiwa, ta sa cokali ɗaya a kunun tsamiya ta kurɓa ta ɗan yi shiru, sannan tace in gaya wa Adda gandarta ba gishiri.